Gidajen gona na hanyar Dadin Kowa: gida ya yi, amma masararmu ta lalace a cikin katanga

Masu yawan kirana kuna tambaya a kan rukunin gidajen nan da muka koma, ga amsarku gaba ɗaya, don na gaji da maimaita magana. Ba sai na kama sunan kamfanin ba. Farashin ma kun fi ni saninsa, tunda kullum tallarsu na yawo a WhatsApp, da hoton korayen gonaki da yara suna wasa da 'yan awaki.

Tsarin dai shi ne kowa da gidansa da ɗan fili a baya, an zagaye mu da katanga, get ɗaya tal da masu gadi. Gona kuwa guda ce babba, ta kowa da kowa. Farkon damina a zuba kuɗi, kamfani ya kawo tarakta da taki da 'yan ƙwadago, a kaka a raba amfani gwargwadon abin da mutum ya zuba.

Maganar gaskiya, zaman ya yi mini. Wanda ya yi haya a unguwar Bolari cikin garin Gombe, ya sha ƙarar janareton maƙwabta da jiran 'yan ga-ruwa, shi zai gane abin da nake nufi. Nan rijiyar burtsatse ce mai sola, ruwa har cikin banɗaki. Da daddare iska kamar ba Gombe ba. Tumatir da albasa a Kwadon muke tsayawa mu saya da arha, ba sai an shiga babbar kasuwa ba. Uwargida ta shuka zogale da rama a bayan gida, ta sa kaji, ta ce ko da kuɗi ba za ta koma cikin gari ba. Mun tare ne a farkon 2023, sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, zuwa aiki kullum ya zama abin lissafi. Wannan ban ɗora wa kamfani ba, kowa ya sha.

Abin da ya ɓata mini rai masarar bara ce.

Masara ta yi kyau, wallahi ta yi kyau. Irin SAMMAZ na cibiyar bincike ta Samaru aka shuka, aka ba ta kamfa da yuriya a kan lokaci, da tsutsar nan mai cin ƙoƙon masara ta leƙo aka yi feshi. Duk wanda ya zo mana ziyara sai na kai shi gonar ya gani. A watan Oktoba aka karye ta, aka tara tsibi-tsibi a fili da ɓawonta, saura a ɓare a shanya a kai sito. Masu wannan aiki matan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ne da samarinsu. Su ne suka yi mana noman farko da maimai, kowa ya san fuskokinsu.

To akwai doka a get: baƙo ba ya shiga sai wanda ya gayyato shi ya bugo waya, 'yan ƙwadago kuwa sai da izinin manajan gona shi kaɗai. An kawo dokar ne bayan an sace wa wani batirin sola, kuma a lokacin duk mun yi na'am. Ranar da za a fara ɓare masara, manaja ya tafi biki wani gari, wayarsa ba ta shiga. Mata suka zo tun da sassafe da kwandunansu da goyonsu, aka tsayar da su a bakin get. Ni da wani maƙwabcina, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, muka je muka sami babban mai gadi. Na ce, “Baba, ka dubi gabas, hadarin nan ba na wasa ba ne, ka bar bayin Allah su shiga, ni zan sa hannu.” Ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, in na buɗe a bakin aikina. Oga ya ce ko mai gida ne ya roƙa kada a buɗe wa leburori.” Ban ga laifin tsohon ba, albashinsa nawa ne? Muka kira ofishin kamfani a cikin gari, wata yarinya ta ɗauka ta ce za ta sanar da oga. Shiru.

Matan suka zauna ƙarƙashin darbejiya har rana ta take, suka kakkaɓe zannuwansu suka tafi. Wata dattijuwa a cikinsu ta juyo ta ce mana, “Da ma kun toshe mana hanyar rafi da katangarku, yau kuma mun zama ɓarayi.” A ranar na fara jin cewa tsohuwar hanyar da suke bi zuwa ɗiban ruwa da wanki ta bi ta tsakiyar filin da muke zaune a kai, yanzu sai sun yi dogon zagaye. Ba wanda ya gaya mana haka lokacin da ake nuna mana taswira a ofis mai sanyi.

Ruwa ya sauko da daddare, irin na bankwanan damina, mai iska. Washegari ya ƙara. Tamfol babu ko ɗaya a sito, duk da cewa yana cikin jerin abubuwan da muka biya kuɗinsu. Muka fito da ledoji da tsofaffin tabarmi da kwanon rufi da ya rage a ginin wani, maza da mata da yara, muna ta rufe abin da za mu iya. A nan kam na yaba wa maƙwabtana. Akwai likita, akwai ɗan kasuwar hatsi na Tudun Hatsi, akwai wata Hajiya mai shagon atamfa, kowa ya naɗe ƙafar wando ko ya ɗaure zani ya shiga taɓo. Har na ce a raina ko don wannan zumunci zaman nan bai faɗi ba.

Amma masarar da ta jiƙe a tsibi cikin ɓawonta ba ta jira. Kafin manaja ya dawo, kafin a je a ba Jauro, wato mai garin ƙauyen, haƙuri ya lallashi mutanensa su dawo, ƙasan tsibin ya ɗau zafi, wata ta tsiro, wata ta yi fumfuna kore da baƙi. Malamin gonan nan ya hana mu ko ba kaji, ya ce irin wannan fumfuna ce ke haifar da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Mai kyau aka tsince, sauran aka haƙa rami aka binne. Ni da aka yi wa lissafin buhu goma sha biyu, bakwai na samu, biyu daga ciki ma ƙwayar ta dushe, ɗan kasuwar namu ya duba ya ce sai dai a karya farashi. Zakka ma sai da muka koma wajen liman, ya ce kowa ya duba rabonsa, in ya kai nisabi ya fitar da ɗaya bisa goma tunda noman ruwan sama ne.

Taron da aka kira bayan nan shi ya ƙarasa ni. Manaja ya miƙe ya ce ƙaddara ce, ruwa na Allah ne. Wa ya ce ba na Allah ba ne? Tamfol ɗin fa? Wayar da aka kashe fa? Hajiya ta ce masa, “Ɗana, ruwa na Allah ne, amma makullin get a hannunka yake.” Bai ce komai ba. Asara aka raba mana daidai wa daida, kason kamfani na kula da gona kuwa ko tiya ɗaya bai ragu ba, don a takardar yarjejeniya an rubuta suna cire nasu ne daga kuɗin da aka zuba, ba daga amfanin da aka samu ba. Ashe kallon kitse muke yi wa rogo.

Tunda aka taɓo takarda, sai sauran maganganu suka fito. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa shi ne shaidar izinin zama. To shaidar gonar guda ɗaya ce, da sunan kamfani. Abin da ke hannunmu takardar rabon fili ce mai tambarinsu, babu inda aka nuna ga iyakar kasonka a gonar. In ka mutu magada su gaji me? In kana son sayar da gidanka ka riƙe gonar, ko ka fita daga noman shekara ɗaya, babu amsa. Duk mai niyyar saye ya ɗauki lambar filin ya je GOGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Gombe, ya bincika da kansa, kuma ya nemi a nuna masa sashen da ya yi bayanin wanda ke ɗaukar asara. Sannan ya taka ya gaida Jauron ƙauyen da ke kusa, ya ji ta bakinsa, don mutanen nan su ne hannun gonar, katanga ba ta ɓare masara.

Har yanzu muna nan, yara suna jin daɗinsu, ruwa bai taɓa yankewa ba. Surukina ya tambaye ni ko ya saya, na ce gida dai ya saya in yana da abin hawa, kuɗin gona kuwa ya dakata tukuna. Ni bana rabin abin da na saba na zuba, sauran na kama hayar 'yar gona a wajen katanga na shuka wake, inda ba sai na nemi izinin kowa ba kafin masu roro su shiga.

An ce yanzu an gyara, an yi wa 'yan ƙwadago kati mai hoto da za su riƙa nunawa a get. Hanyar rafin dai tana nan a toshe. Da takardar kuɗin hidima ta wannan zangon ta zo, sai na ga an ƙara layi biyu a ƙasa: kuɗin buga kati, da kuɗin tamfol.