Kayan ƙidayar tsuntsaye da dabbobi a bakin kogi lokacin hunturu: me ya kamata a fara saya?

Wanda ya ɗaura niyyar bin hanyar bakin kogi a tsakiyar hunturu domin ƙidayar tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa, adadi yake nema, irin wanda za a iya ajiye shi kusa da na bara da na baɗi a ga ko an samu ƙari ko ragi. Aikin yana da tarihi mai tsawo, domin a Amurka an soma ƙidayar tsuntsaye ta lokacin Kirsimeti tun 1900 bisa shawarar masanin tsuntsaye Frank Chapman, da mutum 27, kuma har yau ƙungiyar Audubon tana gudanar da ita tsakanin 14 ga Disamba da 5 ga Janairu, yayin da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, take gudana a tsakiyar Janairu. A wannan lokaci, a ƙasashen arewacin duniya masu tsananin sanyi, ganyaye sun zube, tafkuna da yawa sun daskare, agwagi da dinya sun taru inda ruwa ke gudu, don haka ganinsu ya fi sauƙi. Sai dai yini gajere ne, haske kaɗan ne, yatsu kuma suna sandarewa, kuma da waɗannan abubuwa uku ya kamata a auna duk abin da za a saya.

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne jigon aikin, kuma a ganina nan ya kamata mafi yawan kuɗin mai saye ya tafi. A jikin kowanne akwai lambobi biyu, misali 8x42, inda ta farko ke nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Idan aka raba ta biyu da ta farko, za a samu faɗin hasken da ke fitowa ya shiga ido: milimita 5.25 ga 8x42, da 4.2 ga 10x42, da 4 ga 8x32, da 2.5 kacal ga ƙaramin nan na aljihu 10x25. Da rana tsaka ƙwayar idon mutum takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, shi ya sa a wurin mai sayarwa, cikin haske mai yawa, dukansu suke kama da juna. Bambancin yana fitowa ne da asuba ko gab da faɗuwar rana, ƙarƙashin gajimare, lokacin da ƙwayar ido ta buɗe tana neman haske, ƙaramin madubi kuma ba shi da abin da zai ba ta. Wannan kuwa shi ne lokacin da barewa ke saukowa shan ruwa, karen ruwa ke fitowa kamun kifi.

Gardamar da ta fi yawa tsakanin masu wannan aiki ita ce ta 8x42 da 10x42. Mai lamba goma yana ƙara kusanto da tsuntsun da ke can tsallaken kogi, amma yana tsuke filin da ido ke gani: yawancin masu lamba takwas suna nuna faɗin mita 130 zuwa 140 daga nisan mita 1,000, masu lamba goma kuwa galibi ba su wuce 105 zuwa 115 ba. Ga mai ƙidaya wannan ba ƙaramin gibi ba ne, domin garken agwagi da ya tashi gaba ɗaya ba ya jiran a bi shi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya fice daga gefen gilashi ya fice daga lissafi. Bugu da ƙari, madubin da ya ninka girman abu sau goma ya ninka rawar hannu ma sau goma, hannun da sanyi ya ratsa kuwa ba ya tsayawa cik. Saboda haka idan hanyar tana bin kogi madaidaici mai bishiyoyi a gefe, 8x42 nake ba da shawara ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Sai kogin ya kasance mai faɗi ƙwarai, fili fetal, sannan 10x42 yake samun hujja. Shi kuwa 8x32 ya dace da wanda nauyi ke damun wuyansa a doguwar tafiya, muddin ya yarda zai rasa wani abu a duhun safiya.

Akwai abin da lambobi ba sa faɗa. Dole madubin ya kasance a toshe ruf, an cire iskar cikinsa an cika shi da naitirojin ko agon, in ba haka ba da zarar an fito da shi daga mota mai ɗumi ko aka koma da shi ɗaki, raɓa za ta kwanta a cikin gilashin inda ƙyalle ba ya kaiwa. Na taɓa tsayawa a gaɓa da wani mai araha, ina jin kukan dinya a gabana, abin da nake gani kuwa farin hazo ne kawai, kuma bai washe ba sai da garken ya yi gaba. Haka nan a gwada abin murza saitin da safar hannu a sanye kafin a biya, domin man da ke cikin wasu yakan yi tauri a sanyi. Mai sanya tabarau kuma ya nemi madubin da tazarar idonsa, wato nisan da ido zai iya yi da gilashin leƙawa yana ganin hoto cikakke, ta kai milimita 15 ko fiye, idan ba haka ba gefen hoton zai yanke masa.

Babban madubi mai ido ɗaya, wanda ke kusantarwa sau 20 zuwa 60, ba ya aiki sai an kafa shi a kan ƙafafu uku, kuma ɗaukar su biyun a hanya mai santsi wahala ce. Amfaninsa yana wurin da kogi ya buɗe tsuntsaye suka taru ɗaruruwa daga nesa. Idan ana tafiya a ƙungiya, guda ɗaya ya ishi kowa.

Dabbobi masu shayarwa lamarinsu dabam ne, domin mafi yawansu da dare suke yawo, kuma a nan ne mai saye yake tsayawa tsakanin na'ura biyu. Na'urar gano zafin jiki tana nuna dabba fari tas a kan ƙasa mai sanyi ko da ta laɓe a ciyawa, kuma hunturu yana taimaka mata saboda tazarar zafi tsakanin jiki da muhalli tana da yawa. Ana bambanta irin waɗannan na'urori da yawan ƙwayoyin hotonsu, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, daga 256x192 zuwa 384x288 har 640x512, tsada tana hawa tare da lambar. Rauninta shi ne takan ce akwai rai a can ba tare da ta faɗi ko wane iri ne ba, musamman mai ƙananan ƙwayoyi idan abu ya yi nisa, kuma ba ta gani ta cikin gilashin taga. Kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya kuwa tana ɗaukar hoto da kanta idan wani abu mai ɗumi ya gitta, tana aiki makonni mai ita yana gida, kuma hoton shaida ce da wani zai iya dubawa ya tabbatar. Amma wuri ɗaya take kallo, kuma zomo guda da ya wuce sau goma zai bar hoto goma, don haka ta fi dacewa da sanin ire-iren dabbobin da ke bin hanyar fiye da sanin yawansu. Tsakanin biyun, kyamarar zan fara saya. A nemi mai fitilar da ido ba ya gani ta nanomita 940, lambar da ke nuna irin hasken fitilar, idan ana gudun firgita dabba, ko ta 850 idan an fi son hoto mai haske, sannan a sa mata batirin litiyom, domin na alkalin yana saurin mutuwa a sanyi. A kuma tabbatar an samu izinin masu kula da wurin kafin a ɗaura ta.

Kafin duka biyun akwai ƙaramar rula ta aljihu, wadda ake ajiyewa kusa da sawu a kan dusar ƙanƙara ko taɓo kafin a ɗauki hoto, domin sawun da babu ma'auni a gefensa da wuya a ce na wace dabba ne.

Batun rubutawa kuma, manhajar eBird, wadda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell ta ƙaddamar tare da Audubon a 2002, tana riƙe lokaci da nisan tafiya, tana kuma aika lissafin inda masu bincike za su amfana da shi. Sai dai batirin waya yana zubewa a sanyi, allonta kuma ba ya jin yawancin safar hannu, biro ma yakan ƙi rubutu. Abin da na ga ya fi shi ne ɗan littafi mai takardar da ruwa ba ya lalatawa, da fensir biyu, da ƙaramin abin ƙirge mai dannawa da babban yatsa domin manyan garkuna, wayar kuma ta zauna a aljihun ciki kusa da ɗumin jiki har a kai ƙarshen hanya a kwashe lissafin. Duk ranar da aka sauya madubi ko aka ƙara wata na'ura, a rubuta hakan a saman shafin tare da kwanan wata, saboda wanda zai duba adadin bayan shekaru ya san ko dabbobin ne suka ƙaru ko kuwa ganin mai ƙidaya ne.