Sharhina kan faifan Wynton Marsalis na busar ƙaho, Haydn da Hummel

Faifan nan na Wynton Marsalis da ya fito a 1983, wanda ya busa kiɗan Haydn da na Hummel da na Leopold Mozart, tsofaffin marubuta kiɗa na Turai, shi nake ta saurara a Spotify kwanakin nan, kuma gaskiya faifai ne mai kyau, amma masu cewa wai duk duniya ba wanda ya taɓa busa Haydn kamarsa, ni dai ban yarda da su ba.

Lokacin da aka ɗauki faifan bai wuce shekara 22 ba, ɗan New Orleans ne a Amurka, Raymond Leppard ne ya jagoranci makaɗan National Philharmonic da suka raka shi. Da wannan faifan ya ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a ɓangaren kiɗan gargajiya na Turai a 1984, a ranar kuma ya ci wani a ɓangaren jaz, abin da ba a taɓa yi ba kafin shi. To ka ga ba ƙaramin mutum ake magana ba.

Wajen iya sarrafa ƙaho kam, wallahi ba ni da ta cewa. Kiɗan Haydn da na Hummel kashi uku-uku ne. Je ka kashi na uku na Hummel, inda busar take gudu kamar ba za a tsaya ba, ka sa iyafis ka kasa kunne sosai, za ka ji kowane sauti ya fito da kansa tsaf, ba wanda ya hau kan wani, ba wanda ya fashe a farkonsa. Masu busa suna yin irin wannan gudun ne da harshe, tu-ku tu-ku, gaban harshe da bayansa, kuma yawanci in ka saurara da kyau za ka ji “ku” ɗin ya ɗan fi “tu” rauni, amma shi a nan ba ka iya bambance su. In ya hau can sama ma sautin baya sirancewa, baya yin ƙara irin mai huda kunne, kuma ba ka jin alamar wahala ko ta numfashi. Na Leopold Mozart ɗin kashi biyu ne kawai, gajere, duk a sama ake busa shi, ya yi shi lafiya lau, ba sai na daɗe a kai ba.

Inda nake da magana shi ne Haydn. A 1796 ya rubuta kiɗan nan saboda Anton Weidinger, wani mai busa a fadar Biyana wanda ya yi ta aiki a kan ƙaho mai ramuka da maɓallai, kuma sai a 1800 aka fara busa shi gaban jama'a. Kafin nan ƙahon Turawa kusan kamar kakakinmu yake, bututu ne zalla, da leɓe kawai ake canza sauti, in ana ƙasa-ƙasa sautuka 'yan kaɗan yake bayarwa da tazara a tsakaninsu. Shi ya sa da mai ƙahon ya fara ainihin busarsa a kashi na farko, Haydn bai sa shi kirarin yaƙi ba, sai ya sa shi ya taka a hankali daga ƙasa, sauti na bin sauti, abin da tsohon ƙaho ba zai iya ba sam. Wato so yake a ji ƙaho yana rera waƙa. Don haka ni a wurina kashi na biyu, mai tafiya sannu, shi ne wurin da ake gane mai busa, ba wurin gudu ba.

A wannan kashin Marsalis ya busa komai daidai, sautin tas, amma yana wucewa ne kawai, bai zauna a ciki ba. Akwai wurin da kiɗan yake juyawa ya ɗan yi duhu a tsakiya, ƙahon na bin ƙananan matakai na kusa da kusa, wurin da ya kamata ka ji gabanka ya ɗan faɗi, shi kuwa sai ya bi ta kai da nauyi ɗaya da na baya. Sai na koma na sa na Maurice André, Bafaranshen nan da ya yi aikin haƙar kwal yana matashi kafin ya shahara, ya rasu a 2012, ya ɗauki Haydn ba sau ɗaya ba. Kai, bambancin a fili yake. André in ya kama dogon sauti yana fara shi siriri, ya bari ya cika, sai can wajen ƙarshe ya ɗan kaɗa shi kaɗan sannan ya sake shi a hankali har ba ka san daidai inda ya ƙare ba, kuma inda yake jan numfashi ma yana zaɓar wurin da maganar kiɗan ta kai aya. Wasu suna cewa kaɗa sautin nasa ya yi yawa, salon da ne, eh na ji, wani lokacin ya kan zarce, amma dai ka san mutum ne yake gaya maka wani abu.

Sai kuma ƙarshen kashi na farko, inda makaɗa suke yin shiru su bar mai ƙaho shi kaɗai. Abin da Marsalis ya yi a wurin abin mamaki ne, hawa da sauka da gudu, duk mai koyon busa zai riƙe baki, amma ni ina jin ya fi nuna mana shi kansa fiye da Haydn, kuma bayan an ji sau biyu uku ba ya ƙara ba ka wani sabon abu.

Ɗaukar sautin tana da kyau duk da tsufanta, sai dai an matso da ƙahon gaba sosai, makaɗan suna ɗan baya. Kar ka yi kuskuren ji da sifikar waya, zai fito maka da kaifi ka zata laifin mai busa ne. Ka sauke shi in kana da isasshen data, ka sa iyafis mai kyau, ka ji kashi na biyu na Haydn nasa, ka tsayar, ka nemo na André ka ji daidai wannan kashin a jere ba tare da ka sa komai a tsakani ba. Hummel kuwa bar shi wurin Marsalis, ban ji wanda ya kai shi a kashi na uku ba har yanzu.