Tsakanin silindar CO2 da ta matsattsiyar iska

Ɗan'uwa, tunda ka tambayi wacce silinda za ka saya wa bindigarka ta wasan fenti (paintball, wasan da ake harbin juna da ƙananan ƙwallaye masu fenti a ciki), ni dai shawarata ka ɗauki ta matsattsiyar iska, wadda ake kira HPA.

Shekara uku ke nan ina amfani da irin ta alminiyam mai ɗaukar psi 3,000 (psi shi ne ma'aunin matsin iska), kuma ban taɓa yin da-na-sani ba. Akwai ranar da muka fara wasa da sanyin safiya muka kai har bayan azahar, rana ta take sosai, amma duk lokacin da aka ɗora bindigata a kan na'urar auna gudun ƙwallo, sai a same ta tana nan kusa da ƙafa 280 a daƙiƙa inda na saita ta tun da safe, alhali abokan wasana masu silindar CO2 (iskar carbon dioxide) suna ta kai da kawo wajen gyara saiti. Dalili shi ne a bakin silindar akwai regileta da ke rage matsin zuwa kamar psi 800, ko 450 ga bindigogin da ke son ƙaramin matsi, don haka iskar da ke shiga bindiga ba ta canzawa har sai silindar ta kusa ƙarewa. Mafi yawan filayen wasa ba sa yarda a wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, kuma wannan ƙa'ida ce ta kare lafiyar wanda ƙwallon zai sama.

Ita CO2 ruwa ce a cikin silinda, matsinta kuwa yana bin yanayi: kimanin psi 850 idan zafi yana wajen digiri 21 a ma'aunin Celsius, sai ya yi ta hawa da zafin rana irin namu na bazara, ya kuma faɗi idan ka yi harbi a jere silindar ta yi sanyi. Da ita na fara, ta cinye mini zobban robar da ke hana iska zurarewa har sau biyu. Tana da araha, kuma bindiga samfurin Tippmann 98 tana jure ta, iyakar abin da zan ce ke nan. Idan bindigarka mai lantarki ce irin ta Planet Eclipse ko Dye, kada ma ka kusantar da ita.

Kafin ka biya kuɗi, ka tabbatar akwai inda za a riƙa cika maka, domin injin mai faci ba ya kaiwa ko kusa da psi 3,000, sai kwamfuresa ta musamman ko babbar silindar masu nutso. Haka kuma kada ka taɓa ɗiga mai a bakin da ake cikawa, saboda mai da iska mai matsi suna iya kamawa da wuta.

Ka yi hattara da masu sayar da na hannu. A jikin kowace silinda akwai wata da shekarar da aka ƙera ta, ana sake gwada ƙarfinta galibi bayan shekara 5, sannan mai zaren kabon, wadda ke ɗaukar psi 4,500, yawanci wa'adinta shekara 15 ne. Wasu sukan liƙa sitika ko su shafa fenti a kan wannan rubutu don su ɓoye tsufanta. Duk wanda ya hana ka ganin kwanan watan, ka bar masa kayansa, ka nemi sabuwa ta alminiyam mai psi 3,000.