Masaukin da muka sauka a Jambiani: wuri ya yi, amma ba su faɗa mana teku na janyewa ba

Kwana 8 muka yi a Zanzibar a watan Agusta, ni da Abban yara da yaranmu uku, babban shekararsa 11, mai bi masa 8, sai auta 'yar shekara 4. Mun sauka a wani ƙaramin masauki a Jambiani, can gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga filin jirgi. Ba zan kama sunansa ba tunda ina da ƙorafi a kansu. Ɗaki tsaf, zanin gado kullum a canza, akwai gidan sauro, ma'aikata ga fara'a, wannan duk babu abin cewa. Maganar ruwa ce ta sa na zauna rubutun nan, don ita ce ta kai mu.

Hotunan da suka sa a intanet duka ruwa ne shuɗi kamar an zuba shuni, yana taɓa matakalar masaukin, shi ya sa ma na nace a yi bukin a nan. Mun isa da dare. Da safe yara ko karyawa ba su tsaya yi ba suka sa kayan wanka suka ruga, sai ga ta tsakiyar ta dawo idonta taf da hawaye, "Umma babu ruwan, ya tafi." Na fito na duba, wallahi gaskiyarta, farin yashi ne jiƙaƙƙe da duwatsu da 'yan tafkuna iya ganinka, teku kuwa yana can nesa fiye da kilomita guda, farin kumfa kawai kake hangowa inda igiyar ruwa ke dukan dutsen murjani.

Ashe haka gabashin tsibirin yake, Paje, Jambiani, Bwejuu duk abu ɗaya. Ƙasan wurin shimfiɗaɗɗe ne ba zurfi, ruwa na cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da janyewa wajen awa 6, kuma kullum lokacin na ƙara matsawa gaba da kusan minti 50. In wata ya tsaya ko ya cika daren sha huɗu abin ya fi ƙarfi, ya cika sosai ya kuma janye sosai, mu kuwa daidai lokacin muka je. To wannan ba laifin masauki ba ne, ikon Allah ne. Laifinsu shi ne rashin faɗa. Layi ɗaya a shafin bukin ya isa, a ce ruwa na janyewa, wanka awa biyu zuwa uku ne kafin cika da bayanta, ku duba jadawali. Kuma ba su da wurin ninƙaya na cikin gida da za ka lallashi yaro da shi kafin ruwa ya dawo.

Wanda ya gyara mana tafiyar wani matashi ne mai kula da kujerun bakin ruwa. Ya ga yadda muka yi cirko-cirko sai ya ɗauko alli ya rubuta mana lokutan cika da janyewa na kwana uku a wani allo, ya ce "Mama, ki bi wannan, kar ki bi agogon cikinki." Shi ya koya mana kalmominsu na Swahili, maji kujaa in ya cika, maji kupwa in ya janye, auta har yanzu tana faɗa. Daga ranar muka juya tsarinmu gaba ɗaya, ruwa ne ke gaya mana lokacin barci da lokacin fita.

In ya cika kuwa, kai! Murjanin can na nesa yana tare manyan igiyoyi, sai ruwan ya zo a hankali, garai-garai kana ganin yatsun ƙafarka, auta ta zauna a gefe yana shafo mata ciki tana ƙyalƙyala dariya. Ba sanyi, ba zafi. Agusta lokacin rani ne mai ɗan sanyi a can tunda suna kudu da tsakiyar duniya, ruwan sama mai yawa a Maris zuwa Mayu yake. Sai dai iska, wadda suke kira Kusi, tana kaɗowa daga kudu a watannin nan, da yamma tana tada ruwa ta watso yashi a ido, shi ya sa Paje ta cika da masu wasan lema a kan ruwa. Yaro na fitowa jiƙe zai hau karkarwa, a tanadi tawul biyu.

Janyewar ma da na tsana ranar farko daga baya na so ta. Matan garin na fitowa gonakinsu na ciyawar teku, turaku a jere an ɗaura igiya, suna zaune cikin ruwa iya ƙugu suna tsinka, yara kuma suna bin tafkuna suna leƙa ƙananan kifaye da ƙaguwa. Amma a nan muka ji jiki. Babban ya cire takalmi ya taka wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya da ke laɓewa a ramin dutse, ƙaya huɗu suka karye a dunduniyarsa. Matashin nan ya kawo ruwan zafi daidai wanda fata za ta iya ɗauka aka jiƙa ƙafar, zafin ya lafa, muka wuce asibiti aka duba. Kwana biyu yana ɗingishi. A risefshon ashe suna da takalman roba na shiga ruwa da suke ba da aro, suna cikin kwali a ƙarƙashin tebur, ba wanda ya ce mana uffan sai da abin ya faru. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, na kuma gaya wa manaja ido da ido.

Abu na biyu da ya tsaya min, babu mai ceto a bakin ruwan, babu tuta, babu allon gargaɗi. Kuma ruwan in zai dawo ba daga gabanka kaɗai yake zuwa ba, yana bin kwaruruka ya zagayo ta bayanka, kana tsaye a kan busasshen yashi ka waiga ka ga ruwa tsakaninka da gaɓa. Abban yara ya gani da idonsa ranar da ya yi nisa da manyan biyun, sun dawo ruwa na kai masa gwiwa, yarinyar a wuyansa. Tun daga nan ba mai yin nisa sai mun duba allon.

Masu masaukin sun haɗa mu da mai kwale-kwalen ngalawa, irin mai fikafikan katako a gefe biyu, tafiyar ta yi daɗi, amma rigunan ceto duk na manya ne, da ba mu zo wa auta da tata ba da ba ta shiga ba.

Kwana ɗaya muka ɗauki mota zuwa Kendwa a arewa maso yamma, wajen awa biyu, can ruwa ba ya yin nisa, ana wanka safe da yamma, iska ma da sauƙi. Sai dai yana saurin zurfi, taku kaɗan ya kai ƙirji, ga jama'a ga jiragen ruwa, ban saki hannun auta ba ko sau ɗaya.

Taurari 3 da rabi na ba su cikin 5, rabin nan kuma na matashin mai alli ne. Mai yara 'yan shekara 7 zuwa sama zai ji daɗin wurin in ya zo da takalman ruwa ya kuma duba jadawalin cika kafin ya biya. Mai ƙanana da ke son wanka duk lokacin da suka ga dama, ya raba kwanakin, rabi nan rabi Kendwa ko Nungwi da ke maƙwabtaka da ita. Mu haka za mu yi in Allah Ya sake kai mu.