Saki Ɗaya ko Hul'i: Ina Bambancin?

Saki ɗaya a hannun miji yake, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunan Shari'a na Kano ke bi, yana da ikon yin kome kafin matar ta cika tsarki uku. Har lokacin ci da sha da wurin kwananta suna wuyansa, ko da yake sau da yawa da takardar ake haɗa mata kayanta. Hul'i kuwa mace ce ke nema, ta fanshi kanta da mayar da sadaki ko abin da suka daidaita a kai. Babu kome a cikinsa sai da yardarta, da waliyyi, da sabon sadaki. A ganina, matar da ake cutarwa ta fara kai ƙara gaban alƙali, domin idan cutar ta tabbata, yana iya raba auren ba ta biya ko sisi ba.