Cizal mai bakin kabaid: abin da na gani bayan komawata aikin juya itace

Wanda ya ajiye aikin juya itace, wato sassaƙa shi yana juyawa a kan inji, na wasu shekaru, ranar da zai koma ba injin ne zai ba shi wahala ba. Inji dai a kankare tsatsar da damina ta bar masa, a duba bel, a sa mai, ya tashi. Hannu shi ke mantuwa, musamman wajen wasa cizal. Bakin cizal mai kwarmi, irin na HSS, ƙarfe mai tauri da ke jure zafi, da kamfanonin Sheffield ta Ingila suka yi suna a kansa, yana son a riƙe shi a kusurwa ɗaya a kan dutsen wasa, ana murza shi a hankali, kuma wannan gwaninta tana tafiya in an daɗe ba a yi ba. Shi ya sa da na sake buɗe ɗan shagona na bayan gida, na yi odar saitin cizal uku masu bakin kabaid, na ce bari in gwada abin da a da nake ji ana yabo.

Kowannensu sandar ƙarfe ce mai faɗin ƙasa, da ɗan guntun tangstin kabaid ɗaure da sukuru a tsininta, irin ƙarfen da ake sa wa haƙoran zarton inji. Ɗaya bakinsa mai kusurwa huɗu ne, na rage itace da sauri. Na biyu zagayayye, na lanƙwasa da raraken ciki. Na uku mai tsini, na jan layi da ado. Ba a wasa su a kan dutse. In gefe ya dakushe, a sassauta sukuru, a juya sabon gefe, a ɗaure.

Riƙonsu ba wuya ko kaɗan. A kwantar da sandar a kan matokara, wato ƙarfen injin da ake ɗora cizal a kai, a daidaita baki da tsakiyar itacen, a tura a hankali. Na fara da guntun mangwaro da aka sare a unguwarmu, kafin la'asar ya zama ɗan akushi mai kyan gani, kuma ko sau ɗaya baki bai cafke itacen ya fizge ni ba. Wannan natsuwar ba ƙaramin abu ba ce ga mai dawowa, don fizga ɗaya mai ƙarfi tana iya sa mutum ya sake rufe shago. Ga kuma batun wuta. A wurin da ake kawo ta ana ɗaukewa, lokacin da za ka ɓata a gaban injin wasa ya koma na aiki.

Inda na fi jinjina musu shi ne a kan ƙirya. Duk wanda ya san dalilin da ya sa masassaƙa ke zaɓen ta don turmi da taɓarya ya san taurinta. Cizal na HSS ba ya jimawa a kanta sai ya nemi dutse, amma mai kusurwa huɗun nan ya yi ta cin ta har na gama rage itacen ban juya bakin ba.

Sai dai akwai abin da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya fitar da kuɗinsa. Waɗannan kankara suke yi, ba yanka ba. Cizal mai kwarmi in ya sha wasa yana feɗe itace, ɓawon yana fita a nannaɗe kamar taliyar murji, fuskar aikin ta fito da santsi. Kabaid kuwa gari da ɓarɓashi ya fi fitarwa, kuma a akushi, wuri biyun da jijiyar itace ke fuskantar baki, yakan tsige ta ya bar ƙananan ramuka. A kan ƙirya da kanya abin da sauƙi. A kan mangwaro da darbejiya ya fi fitowa fili, maɗaci ma da jijiyarsa ke sarƙewa bai tsira ba. Dole na koma fara samfefa daga mai kaushi, mai lamba 80, alhali da cizal mai kaifi daga 180 nake tashi. Yawan samfefa yana cinye kaifin layukan ado, yana kuma cika ɗaki da ƙura. Ƙurar maɗaci tana damun hanci da maƙogwaro, saboda haka takunkumi mai kyau da garkuwar fuska wajibi ne a wurina, ko da zafin bazara.

Abin da ya rage tsigewar shi ne yanka na ƙarshe ya zama siriri sosai, da sabon gefen baki, a ƙara gudun inji kaɗan. Ina bin tsohon lissafin masu wannan aiki: faɗin itace a inci, a ninka da yawan juyin da inji ke yi a minti, ya faɗa tsakanin 6,000 da 9,000. Akushi mai inci 8 ke nan bai kamata ya wuce juyi 1,100 da ɗan kai a minti ba, kuma sai bayan ya daidaita ya daina girgiza.

Ƙorafina a kan saitin da na samu biyu ne. Sukurun ƙanana ne masu laushi, garin katako yana toshe kansu, sai an tsokale shi da allura kafin a sa makulli, in ba haka ba kan ya lalace. Sannan ban samu bakin canji a shagunan da na zaga ba, sai oda. Mai saye ya auna nasa, don akwai mai milimita 14, akwai mai 15, ya sayi ƙari tun farko. Goga saman bakin a kan katin wasa na daimon yana dawo da kaifi kaɗan, amma ba ya kai sabo.

Mai tsinin nan da wuya nake ɗaukar sa, da ana sayar da su ɗai-ɗai a inda na saya, biyu zan ɗauka. Yanzu mai kusurwa huɗu ke rage mini itace, zagayayyen yana shiga cikin ƙananan gwangwanaye masu murfi inda cizal ke wahalar juyawa. Yankan ƙarshe na akushi na mayar wa cizal mai kwarmi, bayan na sayi maƙalar da ke riƙe shi a kusurwa ɗaya a gaban dutsen wasa. Wanda zai dawo aikin, ko yake son farawa, ya sayi kabaid ɗin ba fargaba, amma ya ware kuɗin wannan maƙala a cikin lissafinsa.