Gargaɗi ga masu jita: a kula da mai tallar wayoyin fedal na jabu a WhatsApp

'Yan uwa makaɗa, musamman masu jita da bes na Kaduna, Jos da Kafanchan, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp yana tallar gajerun wayoyin nan da muke haɗa fedal da fedal da su, wato ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa don canza sautin jita. Ba zan kama suna ba, don ko na kama ba shi da amfani: sunan da ya gaya min daban, wanda ya fito a asusun banki daban. Salonsa zan faɗa muku, shi ne ba ya canzawa.

Hotuna yake turowa masu ɗaukar ido, waya baƙa an rubuta sunan kamfanin waya na Mogami a jikinta, da kai mai lanƙwasa da ya ce na kamfanin Neutrik ne. Labarinsa kullum ɗaya: wai wani situdiyo aka rufe a Legas ya kwashi ragowar kayan, shi ya sa yake bayarwa a rabin kuɗi, kuma saiti uku kawai suka rage. Sai ka tura kuɗi ya ga alat, sannan ya ba direba kayan a tasha. Wayonsa kuma shi ne yana turo kayan. Ba irin masu cinye kuɗi su ɓace ba ne. Kaya za su iso, ka jona su yi aiki, ka koma zaure ka ce mutumin kirki ne, wani ya saya saboda shaidarka. Ni ma da bakina na yabe shi, Allah ya yafe min.

Guda 10 na saya. Ba su rufe wata ba suka kunyata ni a wani biki a Barnawa. Ana shigo da amarya, zauren ya yi tsit ana jiran jita ta ɗauka, na taka fedal ɗin amsa-kuwwa, sai ƙaraf-ƙaraf, sai shiru. Wanda ke da allon fedal ya san abin da wannan yake nufi. Fedal shida a jere kamar carbi suke, sauti sai ya ratsa kowace waya kafin ya kai amfilifaya, ɗaya ta yanke duk sun mutu, kuma ba ka san wacce ce ba. Haka na durƙusa da manyan kaya, fitilar waya a baki, ina zare su ɗaya bayan ɗaya, mai fiyano yana ta maimaita baiti ɗaya yana harara ta. Daga ƙarshe na zare komai na jona jitar kai tsaye a amfilifaya, aka ƙarasa biki da busasshen sauti.

Ranar Litinin na kwashe su na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a unguwarmu. Ya juya ɗaya a hannu ya ce, “Yaro, nawa ka saya?” Da na faɗa masa sai ya yi murmushi kawai ya ɗauko reza.

Kan wayar ya fara taɓawa. Na Neutrik na gaske da hannu ake kwance shi, a ciki kuma akwai wata roba mai haƙora da ke damƙe wayar, yadda ko an fizge ta ba a kan dalma nauyin zai faɗa ba. Wannan da gam aka liƙe shi, sai da ya fasa shi da filaya. Ciki babu abin damƙe waya, ɗigon dalma ɗaya ne ƙanƙani a tsakiya, zaren gefe kuwa an matse shi ne kawai da bangon ƙarfen. Sai ya fere baƙar robar. Wayar jita ta kirki tana da zare a tsakiya mai ɗaukar sauti, sannan da wasu zaruruwan jan ƙarfe da suka lulluɓe shi gaba ɗaya, su ne ke kare shi daga gunjin wutar lantarki da janareto da fitilu. A tawa, zaruruwan lulluɓin ana iya ƙirga su da ido, kamar gashin kan jariri. Ya kankare ɗaya da bakin reza, jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyam ne aka yi masa wankan jan ƙarfe. Ya kunna ashana ya kanga, nan take zaren ya lanƙwashe ya kakkarye, alhali jan ƙarfe na gaske ja zai yi ya tsaya. Alminiyam ba ya shan dalma da kyau, kuma in aka lanƙwasa shi aka miƙe sau da yawa sai ya karye, ga shi wayar fedal kullum a lanƙwashe take rayuwa.

Biyu daga cikin goman ma ba su da lulluɓi ko kaɗan, zare biyu ne a jere irin na sifika. A nan na gane dalilin ƙugin da na yi makonni ina ɗora wa janareton coci laifinsa.

Wani abu da ya daɗe yana ba ni haushi, har a wurin masu sayar da kayan gaske, shi ne zancen wai kai mai ruwan zinare yana ƙara wa sauti daɗi. Ruwan zinare tsatsa yake hanawa, iyakarsa ke nan. Wayar da ba ta wuce santimita 15 ba kuma ba za ta canza maka murya ba. Inda tsawo ke cinye kaifin sauti shi ne doguwar wayar da ta taso daga jikin jita, mai mita 5 ko 6. A kan allon fedal ba suna kake nema ba, jan ƙarfe na gaskiya kake nema, da lulluɓi cikakke, da dalma mai kyau, da kai na milimita 6.35 wanda in ka cusa shi za ka ji ya ce ƙas ya zauna, ba ya rawa a rami.

Don haka kada ka biya sai an bar ka ka kwance kan ka leƙa. Mai kayan gaske ba ya tsoron wannan. In da hali ka ari mitar masu gyaran rediyo ka sa ta inda take ƙara: tsinin wannan kai da tsinin wancan ta yi ƙara, jikin wannan kai da jikin wancan ta yi ƙara, tsini da jiki kuwa ta yi shiru. Ka riƙa murɗa wayar a gindin kai kana gwadawa, in ƙarar tana yankewa to ka ajiye masa abarsa.

Ni dai yanzu waya nake saye da mita, in sayi kawunan daban, Baba mai gyaran rediyo ya yanka min daidai tazarar kowane fedal ya liƙe. Ranar da ɗaya ta lalace, minti biyar ya gyara. Mai son yi da kansa ya lura da abu guda: wayoyi irin su Canare GS-6 da Mogami 2524 suna da wata siririyar baƙar fata tsakanin lulluɓin da robar ciki, kuma wutar lantarki tana bi ta cikinta. In ba a fere ta baya ba ta taɓa zaren tsakiya, sauti zai fito a shaƙe, ka zata wayar ce jabu.

Shi kuwa mutumin, da na tura masa hotunan abin da Baba ya fasa, cewa ya yi ni ne ban iya riƙon kaya ba, sannan ya toshe lambata. Masu kula da zaure biyu sun cire shi. Makon jiya sai ga shi ya dawo da sabuwar lamba da sabon suna, da labarin situdiyon Legas ɗin nan dai, amma yanzu adaftar fedal mai bolt 9 yake talla, an manna mata tambarin kamfanin fedal na Boss. Wannan ta fi wayar haɗari, don jabun waya shiru kawai za ta yi maka, adaftar da aka juya mata wuta kuwa tana iya ƙona fedal ɗin kansa. Ragowar wayoyin suna nan cikin jakar jitata, har da waɗanda aka fasa. Mai son gani da idonsa ya same ni wurin gwaji ranar Alhamis da yamma.